Kafin Ka Sayi Mota Mai Gudu, Fara Jin Ta Bakin Mai Inshora

A shekarun baya burin saurayi a zangunanmu bai wuce babur ba. Wanda Allah Ya ɗan buɗa wa, ya sayi tsohuwar tasi ya ba direba yana kawo masa ciniki da yamma. Yanzu abin ya sake. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Nima ko Madina, ko Aboabo ta Kumasi, ran Salla da la'asar, zai ga yaran da gemunsu bai gama tsirowa ba cikin motocin da rurinsu kaɗai ya isa ya ta da jariri daga barci: Mustang, Camaro, Dodge Charger, Mercedes C300, BMW, Golf GTI. Waɗansu hayar yini guda ce, waɗansu aro, amma da dama nasu ne na kansu, ko dai da guminsu suka saya, ko kuwa wani yaya da ke Amurka ko Jamus ya sako musu a kwantena.

Ni ban ga laifin saurayi don ya so abin hawa mai kyau ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina har Salaga, su ma ingarman doki suke wa buri. Amma su sun san abu biyu. Ba a ɗora yaro bisa ingarma tun bai iya zaman sirdi ba. Sa'an nan kuɗin da aka ba mai doki ran ciniki shi ne ƙaramin kuɗi, babban yana wajen harawa da dawa da kanwa da ladan mai kula da barga. Motar gudu ma haka take, sai dai ita harawarta kashi-kashi ce, kuma akwai kashi ɗaya da samarinmu ba su sa shi a lissafi sam, watau inshora. A kansa nake so in fi tsayawa, domin a ganina shi ne ma'aunin da ba ya yi wa mutum ƙarya.

Wace ce motar gudu?

Ƙarfin injin mota da doki ake auna shi. Ƙaramar Toyota Vitz mai injin lita ɗaya, irin wadda ta cika titunan Akra, tana da ƙarfin doki wajen 70. Corolla mai lita 1.8 tana da wajen 130. Da an kai ga Honda Civic Si ko Hyundai Veloster Turbo ko Golf GTI, an shiga 200 da 'yan kai. Mercedes C300 da BMW 328i suna wajen 240. Mustang mai ƙaramin injin nan na lita 2.3 tana haura 300, Dodge Charger mai silinda takwas kuwa tana da wajen 370 ko fiye. Watau yaron da ya koyi tuƙi da Vitz a makarantar koyon mota, ya karɓi lasisinsa na ajin B yana ɗan shekara 18, in ya faɗa cikin Charger ya riɓanya ƙarfin da ke ƙarƙashin ƙafarsa sau biyar a dare ɗaya. Lasisin ɗaya ne, doka ba ta hana shi ba.

A ina zai yi gudun? Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade kilomita 50 cikin awa a cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, 100 a babban titin Akra zuwa Tema. Titin nan da aka buɗe a 1965, zamanin Nkrumah, tsawonsa duka kilomita 19 ne. Vitz ɗin da ake rainawa ma tana iya kai 100. Saboda haka duk dokin da ya ƙaru bisa wannan, ba shi da filin sukuwa na halal a ƙasar nan.

Bari in yi abin da na saba yi a allo. Motar da ke tafiya kilomita 50 cikin awa tana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. In yaro ya faɗo titi, direba zai ci wajen daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta taɓa birki, mita 14 ke nan sun tafi. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, zai ci wasu mita 14. Jimla 28. To a kilomita 100 fa? Yarana na aji kan yi saurin cewa 56, sai in ce su sake dubawa. Nisan birki ba ya bin gudu ƙafa da ƙafa: in gudu ya riɓanya sau biyu, shi sau huɗu yake riɓanyawa. Zai zama mita 28 na farga, da 56 na birki, fiye da 80 ke nan. A kilomita 150 lissafin ya haura mita 160, filin ƙwallo ɗaya da rabi. Kuma motocin da muke magana a kansu suna kai 150 mutum bai ji a jikinsa ba, nan ne haɗarinsu yake. Tsohuwar mota takan yi rawa da kuka ta tsorata mai ita. Waɗannan shiru suke yi.

Yadda Ingila ta tare abin da kuɗi

Wanda yake da ɗan'uwa a London ya tambaye shi nawa saurayi ɗan shekara 18 yake biya na inshora. Sau da yawa kuɗin inshorar shekara guda yakan fi kuɗin tsohuwar motar da ya saya. Abin yana da asali. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf GTI a 1976, Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984, ƙananan motoci masu manyan injuna waɗanda ɗan albashi zai iya saye. Samarin Ingila suka ruɗe a kansu. Zuwa farkon shekarun 1990 haɗari da sata sun yi yawa, yara suna sace su don su yi tsere da dare su watsar, har kamfanonin inshora suka ɗaga farashi ya kai inda kasuwar irin waɗannan motoci ta kusa mutuwa. Ba doka ce ta hana sayensu ba, takardar inshora ce.

Tsarin da suka daɗe suna aiki da shi can shi ne a kasa motoci aji-aji, daga 1 zuwa 50, bisa ga ƙarfin inji da tsadar gyara da sauƙin sata. Sai a haɗa da shekarun direba, da unguwarsa, da sana'arsa, da tarihin tuƙinsa. Saurayin da ke son rangwame yakan yarda a liƙa wa motarsa wata 'yar na'ura mai gaya wa kamfani irin gudun da yake yi, da yadda yake taka birki, da ko yana yawon dare. Sa'an nan akwai dokar sababbin direbobi ta 1995: wanda ya tara makin laifi shida cikin shekara biyu na farko, a karɓe lasisinsa ya koma ɗan koyo. Uban da ya sa sunansa a matsayin mai tuƙa motar alhali ɗansa ne ke hawa kullum, don a rage musu kuɗi, zamba ya yi a wurinsu, kuma ran da haɗari ya auku kamfani yana iya soke takardar.

Masu inshora ba ƙin samari suke yi ba. Su mutane ne masu ƙirga, kuma ƙirgarsu ta nuna musu cewa saurayi sabon hannu cikin mota mai ƙarfi, da abokai a baya, da dare, shi ne mafi tsadar abokin ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. A nan Gana, daga 2021 zuwa 2024 babu shekarar da ba a rasa fiye da mutum 2,000 a hanya ba.

Mu kuma a nan

Abin da ya sa na kai mai karatu Ingila shi ne don ya ga abin da mu ba mu da shi. Can farashin inshora yakan tsaya a ƙofa ya tare yaro kafin ya shiga motar da ta fi ƙarfinsa. Nan ƙofar a buɗe take. Tun 1958 doka ta wajabta wa kowace mota inshorar nan da ake kira tad-fati, watau wadda ke biyan mutumin da ka ji wa rauni ko magadan wanda ka kashe. Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ita ke amincewa da mafi ƙarancin farashinta. Akan ɗan ƙara wani abu saboda girman inji da tsufan mota, amma ƙarin bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin motar. Sai saurayi ya biya, ya nuna wa ɗan sanda a shinge, ya ɗauka ya gama da maganar inshora.

Bai gama ba. Inshorar dole ba ta san motarka ba. In ka rungumi turken lantarki da Camaro ɗinka, ko sisi ba za a ba ka na gyaranta ba. Abin da takan tanada wa direba kansa in ya ji rauni ɗan kaɗan ne. Wajen rauni ko rasuwar wani tana da faɗi, amma wajen dukiyar wani akwai iyaka, 'yan dubban sidi ne kurum, sai fa in ka nemi a ɗaga maka iyakar ka biya ƙari. To ka ƙaddara ka bugi bayan Land Cruiser ɗin wani babban mutum a fitilar Kawukudi. Fitilar baya da bamba da ƙofar but sun cinye abin da kamfani zai biya tun ba a zo ga fenti ba. Ragowar a wuyanka yake. Kuma mu duka mun san abin da "wuyanka" ke nufi a zango: da asuba za a buga wa Alhaji ƙofa, Hajiya ta kwance sarƙarta, a je wa mai unguwa da limami su yi rakiya zuwa ba da haƙuri, a buga wa yaya waya a ƙasar waje. Motar ta mutum ɗaya ce, bashin na gida duka.

Inshorar da ke rufe motarka ita ce cikakkiya, wadda masu harkar ke kira kwamfirihensif. Ita farashinta yana bin darajar motar, kashi kaza cikin ɗari kowace shekara. Bari mu yi misali irin na aji, ba farashin wani kamfani ba. A ce motarka ta sidi 200,000 ce, a ce kuma an yanka maka kashi 5 cikin ɗari. Sidi 10,000 ke nan a shekara, ban da na dolen, kuma tun 2014 ƙa'ida ita ce sai ka biya kafin inshora ta fara aiki, babu bashi. Wannan adadi shi ne nake so kowane saurayi ya nemo tun bai ba dillali kafin alƙalami ba. Ka ɗauki sunan motar da shekararta da girman injinta, ka faɗi shekarunka da ranar da ka karɓi lasisi, ka shiga kamfani biyu ko uku ka ce su yi maka lissafi a rubuce. Tambaya kyauta ce. In ka ga adadin gabanka ya faɗi, to motar ba taka ba ce tukuna, ko da kuɗin sayenta na cikin aljihunka. Wanda zai iya sayen mota amma ba zai iya rufe ta ba, dukan abin da ya tara ya ɗora bisa taya huɗu ya miƙa wa direban tirotiro na farko da birkinsa zai tsinke.

Akwai tarko uku ko huɗu a cikin takardar, waɗanda ba a ganinsu sai ran baƙin ciki. Na farko, rage daraja. Mutum yakan ce wa kamfani motarsa ta 100,000 ce alhali ta 200,000 ce, don kuɗin shekara ya ragu. Galibin takardun inshora suna da sharaɗin cewa in ka rufe rabin daraja, rabin asara za a biya ka. Ɓarnar 40,000, a ba ka 20,000. Mutane da yawa ma ba da gangan suka faɗa wannan rami ba. A 2022 sidi ya faɗi warwas, daga wajen 6 a dala ɗaya a farkon shekara ya haura 14 kafin ƙarshenta, tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Kayan gyara da dala ake shigo da su. Wanda ya sabunta inshorarsa bisa tsohuwar daraja ya zauna da rabin rufi bai sani ba.

Sai kuma kason mai mota, abin da suke kira ekses: a kowace ɓarna akwai wani yanki da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. Kamfanoni da yawa sukan ƙara wannan kaso in direban yaro ne ko sabon lasisi. Ka tambaya, ka sa a nuna maka layin da aka rubuta shi. Ka tambaya kuma ko wa da wa aka yarda su tuƙa, domin a zango makullin mota yakan zaga hannu biyar kafin la'asar, kuma wanda ba shi da lasisi in ya yi ɓarna, kamfani ba zai gyara maka motarka ba. Haka nan takardar motar gida ba ta rufe haya. Tun da Uber ta shigo Akra a 2016, Bolt da Yango suka biyo, na sha jin yara suna cewa za su riƙa ɗaukar fasinja da dare don motar ta ciyar da kanta. In za a yi haka sai an gaya wa kamfani an canza takarda. Ni dai ban ga yadda mota mai silinda shida za ta ci riba a cunkoson Circle ba, amma wannan wata magana ce. Tsere kuwa, da duk wani ƙari da aka yi wa inji a ɓoye, babu takardar da ta rufe su.

Wani abu mai daɗi ɗaya: duk shekarar da ka yi ba ka nemi diyya ba, akan yi maka rangwame a ta gaba, kuma rangwamen yana hawa shekara bisa shekara. Saurayin da ya yi shekara uku da ƙaramar mota da sunansa, ba tare da ɓarna ba, ya tara wa kansa tarihi mai daraja. Wanda ya ɓuya a bayan sunan mahaifinsa, uban yake tara wa.

Game da takardar jabu, da can ta yi yawa, 'yan kan-ta-waye suna sayar da sitika a bakin ofishin lasisi. Tun Janairun 2020 hukumar NIC ta buɗe rumbun da ake shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya, kuma ana iya duba lambar mota ta wayar hannu. Kada ka bar wurin wakili sai ka ga motarka ta fito a ciki. Na san akwai dattawanmu da ransu bai kwanta da inshora ba ta fuskar addini. Wannan fage ne na malamai, a je gare su. Abin da na sani shi ne hukuma ta wajabta, kuma marayun wanda aka buge suna bukatar wanda zai biya su.

Cinikin biri a sama

Yawancin motocin gudun da ke hannun samarinmu hom-yus ne daga Amurka da Kanada. Na Ingila ba sa shigowa, domin tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a Agustan 1974 sitiyarinsu ya zama a baibai, kuma an hana shigo da irinsu. Abin tambaya shi ne, me ya sa Mustang mai shekara biyar ta yi arahar da za a ɗauko ta daga Texas, a biya jirgi, a biya kwastan a Tema, har dillali ya ci riba? Amsar ita ce da yawansu daga gwanjon motocin haɗari suke, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshorar Amurka ke zubar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Watau wani saurayi can ya riga ya gwada ta ta kayar da shi. Waɗansu kuma ambaliya ce ta shanye su, kamar ta guguwar Harvey a 2017, su ne mafi sharri, don jikinsu sumul yake, cutar tana cikin wayoyi da kwamfutar inji, sai bayan wata shida take tashi.

Majalisa ta yi doka a 2020 don hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka haura shekara goma, amma dillalai suka yi ca, gwamnati ta dakatar da aiki da ita kafin ranar farawa. Saboda haka mai saye shi zai tsare kansa. Masu gyaran jiki na Kokompe da Suame Magazine gwanaye ne, sukan miƙe mota ta koma kamar daga kamfani. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙashin motar da ya taɓa lanƙwashewa, da jakar iskan nan da ke fashewa ta tare ƙirjin direba, wadda wani lokaci akan rufe gurbinta ba komai a ciki, a kashe fitilar gargaɗinta. Kyan ɗan maciji ke nan. A Corolla mai tafiyar kasuwa ma wannan abin tsoro ne, balle a motar da za a kai 150.

Kowace mota tana da lambar jiki mai harafi da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ita ake sayen rahoton tarihin motar a intanet, irin na Carfax, da kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Sau da yawa ma in ka rubuta lambar kurum, hotunanta na ranar gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata kwalliya. Dillalin da ya hana ka kwafar lambar ya riga ya ba ka amsa. Lambar tana da wani amfanin kuma. A Disamban 2022 hukumar EOCO ta kwashe motocin alfarma fiye da 30 daga garejin dillalai a Akra bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada, kuma ba a daina irin wannan kame ba daga baya. Wanda ya sayi motar sata da zuciya ɗaya, in an zo an ɗauka, shi da kuɗinsa sai hange.

Kwastan kuma girman inji suke bi, kuma injin da ya haura lita uku shi ke biyan kaso mafi tsada. Charger da Challenger galibinsu sun haura, ko masu silinda shida. Motar da ta wuce shekara goma akwai tara a kanta. Gwamnati ma takan waiwayi manyan injuna in tana neman kuɗi: a 2018 an ɗora musu harajin shekara na motocin alfarma, aka janye a 2019. An janye, amma ya nuna inda ido yake.

Sauran harawar ba sai na daɗe a kanta ba. Yawancin injunan nan masu tabo man fetur mai lamba 95 suke so, wanda ya fi tsada kuma ba kowane gidan mai ke da shi ba in an bar manyan garuruwa. Tayoyinsu sirara ne, rami ɗaya a hanyar Ashaiman ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Cikinsu a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu sai ya kankare shi, ran ruwan sama kuwa a Alajo ko Kaneshie ba a magana. Ka je Abossey Okai ka nemi fitilar Corolla, shago goma za su yi maka tayi. Ka nemi ta Camaro, a ce ka ajiye kuɗi ka dawo bayan sati shida. Giyar Golf GTI mai canza kanta tana da daɗi ƙwarai, amma ba kowane fita ne ya san cikinta ba, wanda ya sani kuma ya san kuɗinsa.

To wace za a saya?

In ɗalibina na da ya zo ya tambaye ni, kuma sukan zo, abin da nake ce masa shi ne: ɗana, motar farko ta koyo ce, kuma kusan ba wanda ya rabu da motarsa ta farko ba tare da tabo ba. Nemi mai ƙarfin doki 130 zuwa 160, mai ja da tayoyin gaba, wadda kayanta ke zube a kasuwa. Corolla, Civic, Mazda3, Elantra, duk suna cikin wannan sahu, kuma Mazda3 da Civic suna da daɗin sitiyari yadda mai son tuƙi ba zai yi hamma ba. Ka fi son ƙirar 2012 zuwa sama in daga Amurka ta fito, domin daga wannan shekara dokarsu ta tilasta sa na'urar da ke kama mota in ta fara sulɓewa a kwana. Kuɗin da ka rage, ka sa shi a taya huɗu sababbi masu suna, da birki, da cikakkiyar inshora, ka kuma ɗaga iyakar dukiyar wani. Taya mai kyau ta fi doki hamsin amfani.

In ya yi shekara biyu ko uku hannunsa ya faɗa, takardarsa ba tabo, ya ga dare ya ga damina ya ga hazon hunturu a hanyar Tamale, sa'an nan a yi maganar masu doki 200, irin su Civic Si. Ita ma tana da wata fa'ida, giyar hannu kaɗai ake yin ta da ita, abokan aro da yawa ba su iya ba. Masu ja da tayoyin baya da manyan injuna, Mustang da Camaro da Charger, su ne na ƙarshe a layi. In aka taka musu mai da ƙarfi a kwana, ko a jiƙaƙƙiyar kwalta, ko inda yashi ya kwanta a gefen titi, gindinsu ne ke fara juyawa, kuma gyara wannan juyi ba a koyar da shi a makarantar koyon mota.

Iyaye da yayye masu aikowa daga waje, ku ma da ku nake. Wanda ya aiko wa ƙanensa mota mai doki 300 bai aiko da kuɗin inshorarta ba, rabin kyauta ya yi. Makulli kuma amana ne. A Oktoban 2024, a East Legon, yaro ɗan shekara 16 marar lasisi ya ɗauki Jaguar ta gidansu, ya afka wa wata mota da gudu, wuta ta tashi, 'yan mata biyu masu shekara 12 suka rasu a ciki. Kotun yara ta tura shi gidan gyaran hali, iyayensa kuma aka kama su aka kai su gaban alƙali saboda barin marar lasisi ya tuƙa mota.